Yadda Funfuna Ke Ƙera Ƙwayoyin-Iri Ba Tare da Barbara Ba da Yadda Suke Tsirowa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce tuwo ya yi funfuna, ko gyaɗa ta yi funfuna, daidai da yadda yakan ce fura ta yi tsami ko ruwa ya yi sanyi. Ginin jimlar yana nuna cewa funfuna wani hali ne da abinci ke shiga don kansa idan ya daɗe a wuri mai danshi. Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan fahimta ba, domin masanan Turai ma sun daɗe suna ɗauka cewa ruɓa ce ke haifar da ita. A shekarar 1729 ne wani masanin tsirrai na birnin Fulorans a ƙasar Italiya, mai suna Pier Antonio Micheli, ya wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Ya ɗebi ƙurar da ke kan funfuna ya barbaɗa a kan yankakken ɗan itace, sai irin wannan funfunar da ya ɗebo ta tsiro a wurin. Wannan ya nuna cewa ƙurar nan iri ce, kuma kowace funfuna daga irinta take fitowa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda funfuna ke ƙera waɗannan ƙwayoyi ba tare da barbara ba, da yadda ƙwaya ke jure zaman jira, da matakan da take bi kafin ta tsiro. Za a nuna cewa danshi ba ya haifar da funfuna, tayar da ƙwayar da ta riga ta sauka kawai yake yi. Sanin haka yana da muhimmanci ga duk al'ummar da ke ajiye gyaɗa da masara a rumbu, kamar yadda za a gani a kashi na 6.0.

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Hausa tana da sunaye daban-daban ga halittun da ilimin kimiyya ya haɗa a gida ɗaya. Akwai funfuna ta kan abinci, da laimar kwaɗi da ke fitowa da damina, da burtuntuna da ke baƙanta kan dawa, da makero mai kama fatar kai, da kuma yis na kwaɓin burodi. Kimiyya tana kiran wannan gida fangas. Da can ana lissafa su cikin tsirrai, amma a 1969 Robert Whittaker ya ware masu rukuninsu na kansu, domin ba su da koren sinadarin da tsirrai ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Narkar da abin da suka hau suke yi, su tsotse. A nan an taƙaita bayani a kan funfuna, kuma an yi amfani da waɗannan kalmomi:

(a) Sel: mafi ƙanƙantar ɗaki mai rai da ake gina jikin halitta da shi. Cibiyar sel ita ce ma'ajiyar gado.
(b) Tubalin gado: yanki guda na umarnin da ke cikin cibiya, wanda ke tsara wani aiki na musamman.
(c) Zare: siririn bututu mai rai wanda shi ne ainihin jikin funfuna. Daga bakinsa kawai yake ƙara tsawo.
(d) Saƙa: tarin zarurrukan da suka yi rassa suka sarƙe, wato farin abin nan mai kama da auduga.
(e) Ƙwayar-iri: ƙanƙanuwar ƙwaya, galibi sel guda, wadda ke iya tsirowa ta zama sabuwar saƙa. Ta bambanta da irin shuka, domin babu ɗan tsiro kwance a cikinta.
(f) Barbara: haɗuwar cibiyoyi biyu da cuɗanyar gadonsu. Ƙwayar da aka samar ba ta wannan hanya ba kwafin uwarta ce.

Ya kamata a lura cewa yawancin funfuna suna da hanyoyin biyu duka. An daɗe ana ba wa siffar barbara suna daban, siffa marar barbara kuma suna daban, har halitta ɗaya ta zama mai sunaye biyu. Taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbon ta Ostareliya a 2011 ya soke wannan tsari, kuma tun daga farkon 2013 suna ɗaya ake ba kowane fangas.

3.0 Hanyoyin Ƙera Ƙwayoyin-Iri

3.1 Ƙira a Cikin Jaka

Misalin da ya fi kusa shi ne Rhizopus stolonifer, baƙar funfunar da ke hawan burodi da dankali. Idan saƙarta ta ƙoshi, sai wasu zarurruka su kafa 'yan saiwoyi a cikin abincin, daga wannan gindi kuma wasu su miƙe sama kamar kara. Bakin kowane kara yakan kumbura ya zama dunƙule, ruwan sel da cibiyoyi masu yawa su kwarara zuwa cikinsa. Daga nan sai wani bango mai siffar ƙoƙo a kife ya raba dunƙulen biyu: ƙululu na ciki da jaka ta waje. Abin da ke cikin jakar sai ya tsattsage gida-gida, kowane yanki ya yi nasa bango ya zama ƙwayar-iri. Jaka ɗaya na iya ɗaukar dubbai. Da fari fara ce, amma idan ƙwayoyin suka nuna sai ta yi baƙi, kuma waɗannan baƙaƙen ɗigo-ɗigo su ne ido ke gani a kan burodi. Da zarar fatar jakar ta bushe ta fashe, iska ce ke kwashe su.

3.2 Ƙira a Fili

Hanya ta biyu ba ta da jaka. A bakin wani sel na musamman ake fitar da ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma masana suna kiran irinsu konidiya, daga kalmar Girkanci mai ma'anar ƙura. Dangin Aspergillus da Penicillium ne suka shahara da wannan. Micheli ne ya raɗa wa Aspergillus suna, saboda ya ga kanta ya yi kama da abin yayyafa ruwa da ake amfani da shi a coci.

Ginin yana bin matakai sanannu. Wani sel na cikin zare yakan yi kauri ya zama gindi. Kara ya fito daga gindin ya miƙe sama, sa'an nan bakinsa ya kumbura ya zama ƙululu. A kan ƙululun sai 'yan ƙananan sel masu siffar gora su jeru, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci kuma a bisa wani layi na sel da ke tallafe da su. Waɗannan goruna su ne masana'antar. Cibiyar gora takan rabu biyu, ɗaya ta shiga wani ɗan tsiro da ya ɓullo ta bakin goran, a toshe tsakaninsu da bango, ɗayar kuma ta zauna a ciki don ta sake rabuwa. Sabuwar ƙwaya takan turo ta gabanta sama, har a sami dogon jeri kamar tsakiya a zare, inda ƙwayar da ta fi tsufa ke can ƙarshe, sabuwa kuma ke bakin gora. A dangin Penicillium babu ƙululu, karan ne ke yin rassa kamar tsintsiya, gorunan kuma su zauna a bakin rassan.

3.3 Ƙira ta Hanyar Sauya Zare

Akwai kuma funfunar da ba ta gina kara ko gora. Zaren da ya riga ya girma ne ke yin bangaye kusa-kusa, sa'an nan ya kakkarye a gaɓoɓin kamar rake, kowane guntu ya zama ƙwaya. Haka Geotrichum ke yi a kan madara da cuku. Wasu kuma, irin su Fusarium da ke zaune a ƙasar gona, sukan zaɓi sel guda a tsakiyar zare ko a bakinsa, su cika shi da abinci, su yi masa bango mai kauri. Idan sauran zaren ya mutu, shi yakan zauna a ƙasa shekaru. A 1953 Stanley Hughes, wanda ya yi aiki a Kanada, ya ba da shawarar a riƙa rarraba irin waɗannan halittu bisa yadda ƙwayar ke samuwa maimakon siffarta ko launinta kawai, kuma wannan ra'ayi ya zama ginshiƙin nazarin fannin.

3.4 Abin da Ke Tsara Aikin

Saƙa ba ta fara ƙera ƙwayoyi da zarar ta tsiro. A funfunar Aspergillus nidulans, wadda aka fi yin nazari a kanta, sai ta yi kusan awa 18 zuwa 20 tana girma kafin ta iya amsa kiran yanayi. Bayan ta kai wannan munzali, abubuwan da ke zaburar da ita su ne fitowar zare daga ruwa zuwa iska, da haske, da ƙarancin abinci. Wato dai idan wuri ya fara ƙunci ne funfuna ke shirin tura 'ya'yanta wani wuri.

A 1969 A. J. Clutterbuck ya bayyana wasu nau'o'in wannan funfuna da suka sami tawaya a gadonsu, kuma daga nan aka gano tubalan gado uku da ke aiki bi da bi. Idan na farko, mai suna brlA, ya lalace, kara yakan yi ta tsawo kamar gashi ba tare da ya yi ƙululu ba. Idan na biyu, abaA, ya lalace, ana samun ƙululu amma gorunan ba sa kammaluwa, sai dai wasu kumbure-kumbure marasa amfani. Idan kuwa na uku ne, wetA, ƙwayoyin sukan fito, amma ba su da launi, bangonsu ba ya ƙwari, kuma cikin 'yan kwanaki sukan narke. Wannan ya tabbatar da cewa ƙirar ƙwayar-iri tsararren aiki ne mai hawa-hawa, kowane hawa yana buɗe wa na gabansa ƙofa.

4.0 Guzuri da Barci

Ƙwayar da ta bar uwarta ba ta san inda za ta faɗa ba, saboda haka ana sallamar ta da guzuri da sutura. A cikinta akwai wani nau'in sukari mai suna tirehalos da wani sinadari mai suna manitol. Waɗannan abinci ne na ranar tashi, kuma suna kare kayan cikin sel daga lalacewa idan ruwa ya ƙafe ko zafi ya tsananta. Bangonta ya fi na zare kauri, kuma yana ɗauke da launi, kore ko baƙi ko rawaya, wanda ke tare hasken rana mai ƙuna. A can waje kuma akwai wani siririn rufi na furotin da ba ya jiƙa. Shi ya sa idan aka zuba ruwa a kan busasshiyar funfuna sai ƙurar ta yi ta yawo a sama, kuma shi ya sa iska kaɗan ke tayar da ita.

Ƙanƙantarta ma makami ce. Maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Ƙwayar Aspergillus flavus tana tsakanin maikiromita 3 zuwa 6, ta Aspergillus fumigatus kuma 2 zuwa 3. Abu mai wannan girma yana iya daɗewa a iska, kuma yana iya kaiwa ƙarshen huhun ɗan Adam. Kowane mutum yana shaƙar ɗaruruwansu a kullum, garkuwar jiki tana kawar da su. Ga wanda garkuwarsa ta raunana, ko wanda tarin fuka ya bar masa rami a huhu, ƙwayar na iya samun wurin tsirowa ta zama cuta.

A wannan hali numfashin ƙwaya yana ƙasa ƙwarai, kamar mai barci. Wasu nau'o'in ma suna ɗauke da sinadarin da ke hana su tashi idan suna cunkushe wuri ɗaya. Sai ruwa ya wanke shi, ko iska ta rarraba su, sa'an nan hanya ta buɗe. Hikimar a fili take: ƙwayar da ta tsiro a kan uwarta, tsakanin dubban 'yan'uwanta, yunwa za ta kashe ta.

5.0 Matakan Tsirowa

5.1 Farkawa

Sharaɗi na farko shi ne ruwa, ko dai ɗigo ko iska mai danshi sosai. Bayan shi akwai zafi daidai gwargwado da iskar numfashi. Yawancin dangin Aspergillus suna buƙatar su ji alamar abinci a waje, kamar sukari, kafin su motsa. A jikin bangon sel akwai masu jin wannan alama, su ne ke aika saƙo ciki. Da saƙon ya isa, sai a fara farfasa tirehalos, numfashi ya ƙaru, a kuma shiga haɗa sababbin furotin. Gwaji ya nuna cewa idan aka toshe haɗa furotin, ƙwaya ba ta wuce wannan mataki.

5.2 Kumbura

Mataki na biyu shi ne ƙwaya ta sha ruwa ta faɗaɗa ta kowane gefe daidai, har faɗinta ya ninka ko ya fi. Wannan ba jiƙa ba ce irin ta wake a ruwa, domin matacciyar ƙwaya ba ta yin haka. Sabon bango ake ginawa daga ciki yayin da rufin waje ke tsagewa. A nan ne ƙwaya ke zubar da kariyarta. Wadda ta kumbura ba ta iya komawa barcinta na da, kuma idan wuri ya bushe a wannan lokaci galibi mutuwa take yi.

5.3 Fitar Zaren Farko

A mataki na uku girma yakan daina bazuwa ko'ina ya tattaru a wuri guda. Ana jigilar kayan ginin bango a cikin 'yan ƙananan kumfa zuwa wannan wuri, sai ya ɓullo kamar ƙaho ya zama zaren farko. Cibiya takan rabu, daga baya a gina bango na farko tsakanin ƙwaya da zare. Idan yanayi ya yi daidai, dangin Aspergillus sukan kai wannan mataki cikin kamar awa 6 zuwa 8. Zaren sai ya yi rassa, ya haɗu da na maƙwabta, saƙa ta kafu, cikin 'yan kwanaki kuma ita ma ta fitar da nata karare. Gajartar wannan zagaye ce ke sa ƙwaya ɗaya ta zama miliyoyi kafin mako ya zagayo.

5.4 Tsirowa a Kan Ganye Mai Rai

Funfunar da ke cin shuka mai rai tana da ƙarin mataki. Misali shi ne Magnaporthe oryzae, mai haddasa ƙunar ganyen shinkafa a duk inda ake noma ta. Ƙwayarta mai sel uku ce, kuma tana da ɗanƙo a bakinta da take mannewa da shi a kan ganye. Raɓa kaɗai ta ishe ta tsirowa. Ɗan gajeren zarenta yakan tsaya ya yi wani dunƙule mai baƙin bango, ya tara sinadarin giliserol, wanda ke jawo ruwa ciki har matsi ya taru. A 1991 aka auna wannan matsi aka ga yana iya kaiwa kusan ninki 40 na iskar tayar mota. Da wannan ƙarfi wata siririyar allura ke huda fatar ganye. Bayan kamar mako guda tabo yakan bayyana, daga cikinsa kuma sababbin ƙwayoyi su tashi da dare zuwa ganyen gaba.

6.0 Muhimmancin Wannan ga Gyaɗa da Masara

Aspergillus flavus tana zaune a ƙasar gona a ƙasashe masu zafi, kuma ta fi girma a kusan digiri 37 na ma'aunin Salshiyas. Wasu nau'o'inta suna fitar da dafin afulatoksin. An gano dafin ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Cin dafin kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci yana haddasa sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B. Wuta tana kashe ƙwayar-iri, amma suya da dahuwa ba sa kawar da dafin gaba ɗaya, saboda haka gyaɗar da ta lalace tana iya kai shi cikin ƙuli-ƙuli da abincin dabbobi.

Idan aka duba matakan da suka gabata, za a ga cewa babu mai iya hana ƙwayoyin-iri sauka a kan amfanin gona, domin suna cikin ƙasa da iska. Abin da ake iya hanawa shi ne farkawarsu. Gyaɗar da aka ɓare ta bushe har danshinta ya sauka zuwa kashi 7 ko 8 cikin 100, da masarar da ta sauka zuwa kashi 13, ba su da ruwan da ƙwaya za ta kumbura da shi. Wannan ne dalilin shanya amfani a kan tabarma ko dandamali maimakon ƙasa, da ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, da toshe yoyon rumbu. Ƙwari ma suna da hannu, domin sukan huda ƙwayar hatsi su buɗe wa zare hanya, numfashinsu kuma yana ƙara danshi. A gona kuwa, ɗaukewar ruwa a ƙarshen damina yana raunana gyaɗa, kwanso ya tsage, funfuna ta shiga tun kafin a cire.

Akwai kuma dabarar da ta juya wannan ilimi ya zama magani. Cibiyar Nazarin Aikin Gona a Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan, tare da abokan aikinta, ta samar da Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014. Gasasshiyar dawa ce da aka shafe da ƙwayoyin-irin wasu nau'o'i huɗu na Aspergillus flavus na cikin gida waɗanda ba sa yin dafi. Ana watsa kilo 10 a kowace hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure. Da danshi ya taɓa dawar sai ƙwayoyin su tsiro, su ƙera sababbi masu yawa, su riga masu dafi kama amfanin gona. Abin da ya sa dabarar ke aiki shi ne abin da aka faɗa a kashi na 2.0: ƙwayar da aka samar ba tare da barbara ba kwafin uwarta ce, saboda haka 'ya'yan marar dafi su ma ba su da dafi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyi uku da funfuna ke ƙera ƙwayoyin-iri ba tare da barbara ba, wato a cikin jaka, da a bakin gora, da ta hanyar sauya zare. An ga cewa aikin yana bin tsarin da tubalan gado ke jagoranta, kuma ƙwayar tana fita da guzuri da kariyar da za ta yi jira da su. An kuma bi matakan tsirowa uku, farkawa da kumbura da fitar zare, waɗanda dukansu suka rataya a kan ruwa. Saboda haka idan aka ce gyaɗa ta yi funfuna, abin da ya faru shi ne ƙwayar da ta daɗe a jikinta ta sami danshin da take jira. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su zare da saƙa da gora da tubalin gado, shawara ce da masana harshe da malaman kimiyya za su iya tacewa, domin bayanin da zai kai ga manomi da mai ajiyar hatsi ya kasance cikin harshen da suke ji.